Awon ƙirji ɗaya, amma kwat ta ƙi zama: bambancin kwat ɗin maza da ta mata

"Assalamu alaikum Baba tela. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Jahun. Ƙanwata ta samu gurbi a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, an ce sai da baƙar kwat. Na sa matata ta auna mata ƙirji, aka samu inci 38. Ni ma 38 nake sawa, kuma kusan tsawonmu ɗaya. Da na shiga Kano sai na sayo mata kwat da wando lamba 38 a gwanjo, masu kyau ƙwarai, da niyyar a mayar da wandon siket. Da ta gwada, kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe mata yatsu, amma kuma maɓalli da ƙyar ya shiga, ƙasan rigar ya wage. Ta yi mata yawa, ta kuma yi mata kaɗan. Na koma na ce a ba ni ta mata, aka zubo mini masu lamba 12 da 14 da 40 da 44, na rasa wadda zan ɗauka. Mene ne bambancin? Kuma wadda na saya za ta gyaru?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa karatun ƙanwarka albarka, ya sa a gama lafiya. Tambayarka gida biyu ce. Kana son sanin dalilin da ya sa riga ɗaya ta zauna maka ɗas amma ta ƙi ƙanwarka alhali tef ya ba ku lamba ɗaya, kana kuma son sanin ko kuɗinka ya tafi ke nan. Bari in fara kwantar maka da hankali: matarka ba ta yi kuskuren awo ba, mai gwanjo ma bai cuce ka ba. Abin da ya faru shi ne mu mun saba da tufafi masu yafiya. Babbar riga ba ta tambayar faɗin kafaɗarka. Wando mai zariya, ko ka rame ko ka yi ƙiba, ƙubaka za ta tattare abin da ya rage. Abaya da hijabi haka. Kwat kuwa ba ta da wannan haƙurin. Ana yanka ta ne a kan siffar jiki, gaɓa-gaɓa, kuma siffar da aka yanka ta maza a kai daban take da ta mata tun daga wuya har ƙasa.

Lambar maza awo ce, ta mata suna ce kawai

Lambar da ke jikin kwat ɗin maza ta Ingila ko Amurka awon ƙirjin mai sawa ce da inci. In ka ga 38, ana nufin namijin da tef ya zagaye ƙirjinsa ta ƙarƙashin hammata ya ba da inci 38. Rigar kanta ta fi haka faɗi da inci biyu zuwa huɗu, don a samu wurin numfashi da na farar rigar ciki. Harafin da ke biye da lambar kuma tsawo yake nunawa: S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Sannan akwai wata ƙa'ida da yawancin masu saye ba su lura da ita ba, wato in an haɗa kwat da wandonta a kamfani, ƙugun wandon yakan gaza lambar rigar da inci shida. Kwat 38 tana zuwa da wando 32, kwat 40 da wando 34. Duba wandon da ka sayo, na kusa rantsewa 32 za ka gani. Ta ƙasashen Turai irin Italiya da Jamus kuwa da santimita suke lissafi, rabin awon ƙirji suke rubutawa, shi ya sa namiji mai ƙirji santimita 100 yake ɗaukar lamba 50. Hanya mai sauƙi ita ce ka cire goma: 50 ta Italiya ita ce 40 ta Ingila, 48 ita ce taka 38.

Wannan tsari ya yi wa maza aiki ne saboda a jikin namiji, in ka san ƙirji da tsawo, ka kusa sanin sauran. Tun lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, da aka buƙaci ɗinka kakin sojoji masu ɗimbin yawa ba tare da an auna kowa ɗaya-ɗaya ba, aka lura cewa awon maza yana faɗawa rukuni-rukuni, kuma ƙirji ne jagora. Da aka zo yi wa mata irin wannan sai abin ya ƙi. A wajejen 1939 zuwa 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, aka fitar da rahoto a 1941, daga baya aka kafa ma'aunin lambobi a 1958, amma a 1983 aka janye shi, kowane kamfani ya ci gaba da bin son ransa. Ba komai ya jawo haka ba sai cewa mata biyu masu ƙirji 38 za su iya bambanta da inci biyar ko shida a mazaunai, su bambanta a ƙugu, su bambanta a kafaɗa. Lamba ɗaya ba za ta ɗauki wannan duka ba.

Saboda haka 12 ko 14 da ka gani a kwat ɗin mata ba awon wata gaɓa ba ne. Babu inda za ka ɗora tef a jikin mace ya ba ka 12. Matsayi ne kawai a jeri, kuma kowace ƙasa da nata jerin. Wadda Ingila ke kira 12, Amurka na kiranta 8, Faransa 40, Italiya 44. Ka ga ke nan mai yiwuwa uku daga cikin rigunan da aka zubo maka girmansu ɗaya ne, sunan ne ya bambanta. Lamba 40 ita kaɗai tana iya zama riga uku: ta namijin Ingila mai ƙirji inci 40, ta matsakaiciyar mace 'yar Faransa, ko ta siririyar mace 'yar Italiya. A dilar gwanjo kuwa duk a cakuɗe suke zuwa. Ƙari a kan haka, kamfanonin kayan mata sun daɗe suna ƙara wa riga faɗi suna barin lambar yadda take, don mai saye ta ji daɗi cewa har yanzu ƙaramar lamba take sawa. Tsohuwar 14 ta shekaru talatin baya ta fi ta yau ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma gwanjo ba ya zuwa da takardar haihuwa. Waɗanda na fi ganin gaskiyarsu su ne 'yan Sin, da suke rubuta abu kamar 165/88A, wato tsawon mutum santimita 165, ƙirji 88, harafin kuma yana nuna tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu.

Inda yankan ya raba hanya

Na koyi ɗinkin kwat a Sabon Gari wajen wani dattijo, Allah ya jiƙansa, kuma abin da ya fara sa ni yi shi ne farke tsofaffin kwat ina shimfiɗa ƙyallayen a tebur. Duk wanda ya taɓa farke ta maza da ta mata ya ajiye gefe da gefe ba zai sake cewa abu ɗaya ne ba.

Kwat ɗin maza a kafaɗa take rataye. Namiji ya fi faɗi a sama, yana tsukewa zuwa ƙasa, kuma inci 38 ɗin nan nasa a rabe yake kusan daidai tsakanin gaba da baya, domin bayansa mai faɗi ne. Mace mai 38 kuwa yawancin awon a gaba yake, bayanta siriri ne, kafaɗarta ƙarama. A abin da na saba aunawa a shago, kwat ɗin maza 38 tana da faɗin kafaɗa wajen inci 17 da rabi daga ɗinki zuwa ɗinki, mace mai wannan ƙirjin kuwa da wuya ta wuce 15 ko 15 da rabi. Inci ɗaya da wani abu a kowane ɓangare ke nan yake lilo a iska, ga kuma soson kafaɗa mai kauri da ake sa wa ta maza. Shi ne zubowar da ka gani. Da kafaɗa ta zubo, hannu ma ya bi ta ƙasa, alhali dama hannun maza ya fi tsawo. Yadin da ƙanwarka take buƙata a gaba yana can a bayanta ya yi jaka, gaban kuma ya ɗame. Ga amsar yadda riga za ta yi yawa ta kuma yi kaɗan a jiki ɗaya.

Yadi shimfiɗaɗɗen abu ne, ba ya lanƙwasa ya bi tudu sai an kama shi. Wannan kamun shi muke kira dat, ɗan ninki mai tsini da ake ɗinkewa ta ciki. Kwat ɗin maza tana da siririn dat guda a kowane gefen gaba, daga aljihu ya hau sama kaɗan, don ya ɗan fito da ƙugu. Ta mata kuwa ko dai a yi mata dat mai zurfi da ya nufi ƙirji, ko a raba kowane gaba gida biyu da dogon ɗinki mai lanƙwasa, daga kafaɗa ko hammata har ƙasa. Wannan ɗinkin ba ado ba ne, shi ne yake samar wa ƙirji ɗaki. Kuma ba faɗi kaɗai yake ƙarawa ba, har da tsawo. Ka ɗauki tef daga gefen wuya ka sauke shi ta gaba zuwa ƙugu, a jikin mace sai ya hau tudu ya sauka, don haka tafiyarsa ta fi nisa. In ba a ƙara wa gaban riga wannan tsawon ba, sai ƙasanta ya ɗage ta gaba ya sauka ta baya, kwalar da ya kamata ta kwanta luf a ƙirji ta buɗe baki. In ƙanwarka ta sake sawa, ka tsaya ta gefe ka duba, za ka ga bakin rigar ya karkace kamar rumfar da aka cire wa dirka ɗaya.

Sai ƙasa. Namiji mai ƙirji 38 mazaunansa kan kai 39 ko 40, tsakaninsu da ƙugu bai cika wuce inci shida zuwa takwas ba. A mata tazarar kan kai inci goma, wasu ma fiye. Ba ka faɗa mini awon mazaunan ƙanwarka ba, wanda mu teloli muke ce wa hif, amma in ta kai 41 ko 42 ba zan yi mamaki ba. Ƙasan kwat ɗin maza miƙe yake sauka, ba a ba shi wurin wannan faɗin ba, shi ya sa gaba ya wage, tsagar baya ma ta buɗe. Ƙugun mace kuma ya fi na namiji hawa sama, don haka inda kwat ɗin ta tsuke da inda maɓallin tsakiya ya zauna duk sun sauka ƙasa da ƙugunta, sun faɗa daidai inda jiki ya fara buɗewa. Maɓallin da ya shiga da ƙyar, ba ƙirji ne kaɗai ya hana shi ba.

Akwai kuma alamar da kowa zai gane daga nesa. Ta maza gefen hagu ne yake hawa kan dama, maɓallai suna dama. Ta mata akasin haka, dama ke hawa kan hagu. A ƙauye ba wanda zai kula, amma a ajin lauyoyi akwai masu ido. Abu ɗaya da nake yi wa mata takaici a kai shi ne aljihu: ta maza tana da aljihun ciki biyu ko uku, ta mata sau da yawa babu ko ɗaya, na wajen ma wani lokaci murfi ne kawai aka liƙa. Ni dai duk wadda na ɗinka sai na sa mata na ciki, ko don waya.

Za ta gyaru?

Gaskiya ɗaya ce, Malam: ban ba ka shawarar gyara ba. Ban ga rigar ba, kuma tela ba ya yanke hukunci na ƙarshe sai ya juya riga ya ga rarar yadin da ke cikin ɗinki, amma abin da ka bayyana ya isa. A kwat akwai gyara mai sauƙi, kamar rage tsawon hannu da inci ɗaya ko biyu, kama ƙugu ta gefe, matsar da maɓalli kaɗan. Akwai kuma wanda ya fi sabon ɗinki wahala, kuma kafaɗa ce kan gaba. Kafin a rage ta sai an farke shafi, a cire hannu biyu, a cire soso, a sake yanka ramin hammata, sannan a sake yanka kan hannun ya dace da sabon ramin. Ko an yi wannan, dat ɗin ƙirji fa? Dat yadi yake ci, gaban kuwa dama bai isa ba. Ragewa muke iyawa, ba ma iya haifar da yadin da babu. Ramin maɓalli kuma da bakin aljihu an riga an tsaga su, ba sa tashi daga inda suke.

Na taɓa biye wa wani bawan Allah da ya kawo mini tasa kwat ta aure ya ce lallai in mayar wa 'yarsa da ta samu aikin banki. Kwana huɗu na yi a kanta. Kafaɗa ta zauna, hannu ya zauna, amma da ta sa sai aljihun ƙirji ya koma kusa da hammata, gaban kuma yana nan a ɗage yadda yake. Kunya ta hana ni karɓar cikakken kuɗin aikina, shi kuma ya rasa kwat ɗin aurensa. Tun daga ranar na daina. Masu magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, to a kwat wannan ba karin magana ba ne, zahiri ne.

Wandon ma ka bar shi. In aka farke ƙafafu biyu na wando 32 aka haɗa, abin da za a samu matsattsen siket ne mai ɗinki a tsakiyar gaba da baya, kuma lanƙwasar hantsa tana cinye yadin daidai wurin da ake neman faɗi. Ba zai ba ta dogon siket da za ta yi tafiya a sake ba.

Bari in tsaya a kan wani tunani da nake yawan ji daga iyaye da mazaje a nan wajenmu, cewa gara a saya wa yarinya ta maza don ta fi sutura, ta mata tana fitar da jiki. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin ya juye. Rigar da ba a yi wa ƙirji da mazaunai ɗaki ba ita ce take ɗamewa a daidai waɗannan wuraren, ta ja layi ta nuna su. Wadda aka yanka da dat, aka kuma ba ta sarari, sauka take yi ta wuce ba ta manne ba. Matsewar da kake gani a kwat ɗin matan Turawa zaɓinsu ne, ba dole ba ce. Ni in zan ɗinka wa 'yar musulmi, nakan ƙara inci huɗu a ƙirji, in sassauta kamun ƙugu, in sauke tsawon har ya rufe mazaunai, in bar bayan babu tsaga. Siket kuma har idon sawu, maimakon tsaga a yi masa ninki a baya wanda zai buɗe in ta taka ya rufe in ta tsaya. A makarantar lauyoyi dama baƙi da fari ne ƙa'ida, kuma mata siket ko doguwar riga suke sawa, ba wando ba. Maganar hijabi ma an wuce wurin tun da aka rantsar da wata ɗaliba, Firdaus Amasa, a matsayin lauya da hijabinta a Yulin 2018, bayan an hana ta a Disambar 2017. Duk da haka ƙanwarka ta karanta takardar ƙa'idar sutura da makarantar ke bayarwa kafin a sa almakashi.

Abin da za ka yi yanzu

Ka sa matarka ta sake awo, wannan karon ba ƙirji kaɗai ba. Ni kaina ba na ɗora tef a jikin mace, uwargidana ce take aunawa ko wata ɗalibata, ni in karɓi takarda. Ƙanwarka ta sa rigar mama irin wadda za ta riƙa sawa da riga marar kauri, ta tsaya yadda ta saba, kada ta haɗiye ciki. A auna ƙirji a inda ya fi cika, tef a miƙe ta baya kada ya zame. A ɗaura mata zare a ciki ta ɗan lanƙwasa gefe, inda zaren ya zauna nan ne ƙugu na gaskiya, ba inda take ɗaura zane ba. A auna mazaunai a inda suka fi faɗi, sai kafaɗa ta baya daga ƙashi zuwa ƙashi, sai daga ƙashin ƙeya zuwa zaren, sai daga gefen wuya ta gaba zuwa zaren, sai hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu yana ɗan lanƙwashe, da kaurin damtse. Damtsen nan ana yawan mantawa da shi, alhali hannun kwat ɗin mata ta kanti siriri ne, kuma mai rubutu daga safe har yamma za ta gane kurenta in ya matse.

In gwanjon za ka koma, Ƙofar Wambai ko wani wuri, ka tafi da tef a aljihu ka manta da lamba. Shimfiɗa rigar, ka sa maɓalli, ka auna daga hammata zuwa hammata ka ninka biyu. Ga mai 38 kana neman 41 zuwa 42. Ka auna kafaɗa, ita ce ba ta da gyara, kada ta wuce awonta da fiye da rabin inci. Ka auna faɗin ƙasa ka tabbatar ya fi hif ɗinta da inci biyu ko uku. In kafaɗa da ƙirji da ƙasa sun yi, ƙugu kuma ya yi yawa, ɗauka, wannan aikin rabin yini ne. Za ka iya fara dubawa daga 14 ta Ingila ko 42 ta Faransa, amma tef ne alƙali. Ka kuma fito da ita rana ka duba, domin baƙi kala-kala ne, kuma da wuya kwat ɗin gwanjo ta dace da siket ɗin da aka ɗinka daban. A inuwar rumfa duk baƙi ne, a rana sai ɗaya ya koma ruwan ƙasa.

Saboda wannan na fi son ka sayi yadi a Kantin Kwari a ɗinka duka biyun daga ƙyalle ɗaya. Yadi huɗu na mai faɗin inci 60 zai yi mata kwat da dogon siket, in ka ƙara ɗaya da rabi a yi siket na biyu, tunda siket ne yake rigan kwat tsufa. Ka guji mai sheƙi irin na leda, zafin watan Afrilu a Bagauda ba wasa ba ne, kuma ka ce a yi rabin shafi a baya don iska. Telan da za ka kai wa, kada ka tsaya a kan ya iya kaftani, ka ce ya nuna maka kwat ɗin mace da ya taɓa ɗinkawa, ka juya cikinta. Ku yi sharaɗin za ta gwada sau ɗaya kafin a sa hannu da shafi, domin a lokacin ne gyara yake da araha. In ta gwada ta miƙa hannu gaba kamar za ta ɗauki littafi, ta zauna a kujera da maɓalli a sanye, ta kuma sa hijabin a ga yadda yake kwanciya da kwala.

Waccan 38 ɗin kuwa ka ce ita ce lambarka. Ka kai wa telan garinku ya duba tsawon ƙafar wandon da ƙugunsa, akwai rarar yadi a ɗinkin baya in yana son buɗawa, ka ajiye ta a akwati da kafur. Ranar da za a rantsar da ƙanwarka a Abuja kai ma sai ka samu abin sawa.